Tsohon Kaya da Isnadinsa

Duk wanda ya san tarihin fatauci tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ya san cewa goro ne ya shimfiɗa hanya, shi ne kuma ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato har ya kawo su bakin kurmin Tonawa, wato mutanen Asante. Amma ba kowa ne ya lura ba cewa bayan da hanyar ta tabbata, masauki ya zama gari, baƙo kuma ya haifi ɗan ƙasa, akwai wata ƙaramar sana'a da ta tsiro a inuwar goron, wadda ba ta da huhu ba ta da jaki, ba a kuwa cika ambatonta a majalisar dattawa, alhali ta kai sunan Bahaushe har shagunan Faris da Niyok. Wannan sana'a ita ce fataucin tsofaffin kaya, wato sayen abin da mutanen da suka ƙera suka bari, a kai wa wanda yake son ajiye shi don tsufansa kawai, ba don wani amfani da zai yi da shi ba. Abin da ya sa na ga ya dace a waiwayi tarihinta shi ne gardamar da ta yi zafi tsakanin masana a watan Yuli na 2024, sa'ad da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ƙasusuwan wata dabba daga cikin manyan halittun nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, waɗanda Turawa suke kira dainoso, a kan dala miliyan 44.6, wani attajiri mai suna Ken Griffin ya saya. Masana suka ce ilmi aka sayar, 'yan kasuwa suka ce haja ce kamar kowace haja. Mutanen Zangon Kumasi ba su taɓa tono ƙashin dainoso ba, ba kuwa za su tono ba, gama duwatsun ƙasar Asante, waɗanda zinariya take kwance a cikinsu, sun kai shekara wajen miliyan dubu biyu, sun girmi waɗannan dabbobi nesa ba kusa ba. Sai dai ita mas'alar kanta, ta halaccin sayar da abin da sauran jama'a suke da haƙƙin saninsa, ta fi shekara ɗari tana zaune a zaurukan Zango.

Musulmi sun riga Zango zama a Kumasi. Bature Bowdich da ya iso garin a 1817, da Dupuis da ya biyo bayansa a 1820, duka biyu sun tarar da jama'ar malamai da 'yan kasuwa kusa da fadar Sarki Osei Bonsu, shugabansu Muhammadu al-Gamba wanda ake kira Baba, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu, suna kuma shiga shawararsa. Amma ayarin goro, a mafi yawan wancan ƙarni, ba a barinsa ya kutso tsakiyar ƙasa. Salga ce mahaɗa, a can Bahaushe yake sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗauki goro ya juya. Sa'an nan al'amura suka bi juna da sauri: Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, aka kama Sarki Prempeh a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Cikin wannan 'yar tazara ƙofar da aka daɗe da rufewa ta buɗe, fatake da malamai da tsofaffin sojan Turawa suka kwararo, Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Yarbawa da wasunsu, harshen Hausa ya haɗa su, aka kafa Zango da sarkinsa da limaminsa da masu masaukinsa, daga baya ya yi rassa zuwa Sabon Zango da Aboabo da Asawase da sauransu.

A daidai wannan lokaci ne abin da ya haifi sana'armu ya auku. Tun ƙarnuka da yawa kuɗin Asante garin zinariya ne, da shi ake cefane a kasuwa, da shi ake biyan tara a fada, saboda haka kowane magidanci mai hali yana da ƙunshinsa da suke kira futuo, a cikinsa akwai ɗan mizani, da cokulan ɗiban gari, da 'yan akwatunan ajiya, da ma'aunai na tagulla waɗanda maƙera suke zubawa ta hanyar siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Wasu ma'aunan murabba'ai ne masu ɗan zane a bisa, wasu kuwa siffofin kada ne da tsuntsu da kifi da maharbi da kujerar sarauta, da yawansu suna ɗauke da karin magana. Timothy Garrard, wani lauya Bature da ya yi aiki a Gana ya kuma wallafa littafi a kan wannan fanni a 1980, ya auna dubbai daga cikinsu, ya ƙiyasta cewa abin da aka zuba cikin shekara ɗari biyar ya kai wajen miliyan uku, ya kuma kafa hujja cewa tushen awon nasu miskali ne da uƙiya na Musulmi, waɗanda Wangarawa suka kawo daga Jenne ta hanyar Begho. To, da mulkin Ingilishi ya kafu, sule da fam suka kori garin zinariya daga kasuwa, sai waɗannan ma'aunai duka suka wayi gari ba su da aikin yi.

Abin da ya rasa aiki a hannun mai shi, muddin yana da mai so a wani wuri, ya zama haja, babu kuwa wanda ya fi ɗan Zango saurin gane haka. Ɗan koli mai zaga ƙauyuka da allura da madubi da turare shi ne yake fara ganin tsohon futuo a ɗakin gado, ya saya da araha ko ya yi musaya, ya kawo gari ya danƙa wa maigidansa. Wani kuma ya naɗe kayan a tsumma, ya aza a ka ko a bayan keke, ya bi gidajen Turawan gwamnati da na kamfani da la'asar, ya shimfiɗa a baranda, a yi ciniki da guntun Turanci da yatsun hannu. Wannan talla ta shahara a garuruwan Afirka ta Yamma, daga Legas har Abijan, har ta kai Turawa suna kiran duk mai yin ta Bahaushe, ko da shi Bawangare ne ko Bazabarme. Bayan ma'aunai sai tukwanen tagulla da ake kira kuduo, sai 'yan tsanar katako da matan Asante suke goyawa don neman haihuwa, sai kujeru, sai tsofaffin duwatsun wuya na gilashi waɗanda aka ƙera a Fenis aka kawo bakin teku tun zamanin jiragen iska, suka kuma koma ƙetare buhu-buhu daga ƙarshen shekarun 1960 sa'ad da samarin Amurka suka yi sha'awarsu. Magadan masu barandar nan su ne waɗanda Christopher Steiner ya zauna da su a kasuwannin Abijan ya rubuta littafinsa na 1994, su ne kuma Paul Stoller ya tarar a Niyok da ɗakunan ajiya maƙare da sassaƙaƙƙen katako. Ba za a ce malamai sun yi murna da wannan sana'a ba, tunda hadisi ya haɗa cinikin gumaka da na giya da na mushe cikin hani guda. Amsar 'yan kasuwa kuwa kullum ita ce su itace da ƙarfe suke sayarwa, wanda ya saya ma ado zai yi ba bauta ba. Wannan mas'ala ce dabam, na bar ta ga ma'abotanta.

A ganina ba adalci ba ne a ɗora wa waɗannan mutane laifin da ba nasu ba. Mai futuo ya gada ne daga kawunsa, kamar yadda gadon Tonawa yake bi ta ɗaki, ya kuma sayar da yardarsa, an taya an sallama, babu ƙwace babu sata. Tagullar da ba ta sami mai saye ba kuwa makomarta tukunyar maƙeri ce, a narke ta a zuba wani abu. Har ana iya cewa kasuwa ce ta tsirar da dubban ma'aunan da suke gidajen tarihi na duniya a yau. Amma duk da haka akwai wata hasara da ta auku wadda daga mai saye har mai sayarwa babu wanda ya gan ta a lokacin. Bature yana son mai siffar kada da tsuntsu, ba ruwansa da murabba'i mara kyan gani, saboda haka mai talla ya kwance ƙunshin, ya tsince masu ɗaukar ido, ya haɗa na Bekwai da na Mampong da na Bonduku a tsumma guda. Alhali shi futuo cikakke, in an san mai shi da garinsa da zamaninsa, daftari ne sukutum, yana faɗin da wa mutumin yake ciniki, da awon Musulmi yake auna ko da na Fotugal ko na Holan, da kuma girman dukiyar da take bi ta hannunsa. Da aka warwatsa shi sai ya koma tarin kyawawan ƙarafa. Cikin miliyoyin nan duka, ƙunshin da ya isa hannun masana ba a taɓa shi ba kaɗan ne ƙwarai.

Nan ne gindin maganar, kuma almajirin da ya durƙusa gaban malami a zaure ya fi kowa saurin fahimtarta. Malaman hadisi ba su karɓi matani don daɗinsa ko kyan lafazinsa ba, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, a ina suka haɗu, yaya hardarsa da amanarsa. Matanin da isnadinsa ya yanke, ko da yana yiwuwa gaskiya ne, ba a gina hukunci a kansa. Tsohon kaya ma haka yake, shi kansa matani ne, isnadinsa kuwa wurin da aka same shi, da zurfin da yake kwance, da abin da yake kusa da shi, da hannuwan da ya bi kafin ya iso. To, ita sana'ar dillanci bisa kishiyar wannan aka gina ta. Jarin dillali shi ne mai saye bai san mai sayarwa ba, domin ranar da ya faɗi ƙauyen da ya samo kaya, ranar ce mai saye zai shiga mota ya tafi da kansa, la'ada ta mutu. Saboda haka ɓoye asali ba mugun hali ba ne na wani mutum guda, sharaɗi ne na sana'ar tun zamanin goro. Inda kuwa aka saba ɓoye isnadi na gaskiya, ƙirƙirar na ƙarya ba ta da wuya. Da tsofaffin ma'aunai suka yi ƙaranci, maƙeran ƙauyuka irin su Krofrom, kusa da Kumasi, suna nan suna zuba sababbi da gwaninta, abin da yake halal tsantsa in an sayar da sunan sabo. Amma sau da yawa a hanya wani yakan binne su, ya shafa musu abin da zai ba su duhun tsufa, ya laƙaba musu shekara ɗari biyu da sunan wata fada. Wannan shi ne tadlisi a wurin masu hadisi, algus a wurin mutanen kasuwa.

Ban da abin da ya fita ta hanyar ciniki akwai wanda ya fita ta bakin bindiga, shi kuwa hukuncinsa a fili yake. Sojan Ingilishi ƙarƙashin Wolseley da suka shiga Kumasi a watan Fabrairu na 1874 sun kwashe fadar Sarki Kofi Karikari kafin su rushe ta, aka yi gwanjon wasu kayan a Cape Coast, wasu suka faɗa hannun masu sayar da zinariya na Landan, a 1896 kuma aka sake kwasa. Kada mu manta, don kada mu wanke kanmu fiye da kima, cewa akwai sojan Hausa na Bature Glover cikin waɗanda suka yi wa Turawa wancan yaƙi. Sai bayan shekara 150, a 2024, gidan tarihin Fowler na Amurka ya maido da abu 7 har abada, gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka aiko da 32 zuwa fadar Manhyia da sunan aro na shekara uku, wato an ara wa Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu kayan kakanninsa.

Nau'in da ya fi kusa da ƙashin dainoso shi ne abin da ƙasa ta haɗiye, ba shi da magaji, ba shi da mai shaida sai ita ƙasar. Manoman Asante sun daɗe suna tsintar gogaggun gatura na dutse a gonakinsu, irin waɗanda muke kira gatarin aradu, su kuma suna danganta su ga Ubangijin sama, alhali kayan aiki ne na mutanen da suka zauna ƙasar shekaru dubbai da suka shige. Amma babban abin a arewa ya bayyana, a ƙasar Koma, wajen ƙauyen Yikpabongo, inda manoma masu haƙar ƙasar gini suke ta cin karo da 'yan mutum-mutumin yumɓu, wasu masu fuska biyu, wasu bisa doki, wasu rabi mutum rabi dabba. A 1985 Farfesa James Anquandah na Jami'ar Gana ya yi tonon ilmi na farko a wurin, labari ya bazu, masu saye suka yi sammako. Aka farfasa tuddai bila adadin, kayan suka bi hannun dillalai na gida da na waje suka ƙetare teku, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jan jerinta na kayan Afirka da ake wawashewa, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina da na Bura ta Nijar. Ba don babu doka ba ne, gama dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga Gana sai da izinin hukumar gidajen tarihi tana nan tun 1969, shekarar da Zango ba ya mantawa saboda korar baƙi ta zamanin gwamnatin Busia.

Mai karatu ya dubi bambancin da isnadi yake yi. Anquandah ya ɗauka tuddan nan kaburbura ne. Da Benjamin Kankpeyeng da abokan aikinsa suka koma wurin bayan shekara ashirin, tare da Timothy Insoll na Jami'ar Manchester, suka tona a hankali suna rubuta mazaunin kowane guntu, sai suka ga alamar cewa wasu tuddan wuraren tsafi ne da neman waraka, an jibge gumakan ne da gangan, da yawansu an kakkarya su kafin a binne. Da aka saka su a na'urar asibiti mai ganin ciki aka ga siraran ramuka da suka shiga ta baki ko ta hanci ko ta tsakar ka, aka kuma gano burbushin tsirrai a cikinsu, har da ayaba da wani itace da ba ya tsiro a yankin, abin da ya nuna ana ɗura musu jiƙo, ana kuma hulɗar fatauci da ƙasashe masu nisa. An ƙiyasta zamaninsu tsakanin ƙarni na 6 da na 14. Duk wannan daga 'yan tuddai kaɗan aka samo shi. Ɗan'uwansu da yake cikin kabad ɗin attajiri a Turai, wanda aka wanke aka goge aka kafa bisa ɗan katako, ba zai ƙara faɗin kome ba har tashin ƙiyama. Shi kuwa manomin da ya tono shi a shekarar fari, abin da ya shiga hannunsa bai kai a kwatanta shi da abin da aka biya a ƙarshen hanya ba, ni kuwa ba ni da bakin zarginsa.

Shi ƙashin dainoso na ainihi, in Bahaushe yana son ganinsa a ƙasar da ake jin harshensa, sai ya nufi Agadas da Ingal. A Gadufawa, cikin Tenere, masu neman yuraniyom na Faransa suka ci karo da ƙasusuwa shimfiɗe bisa rairayi, Philippe Taquet ya bi sawunsu a tsakiyar shekarun 1960, a 1976 ya bayyana wa duniya dabbar da ya raɗa wa suna Ouranosaurus, aka mayar da ƙasusuwanta gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wata irinta kuma tana Fenis. Tun farkon shekarun 1990 Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya shiga zuwa, ya fito da Jobaria daga wajen Ingal, da Nigersaurus mai haƙora wajen 500, da ƙarin ƙasusuwan wani kada da ya ƙiyasta tsawonsa mita 12, dukkansu shekarunsu sun haura miliyan 100 a lissafin masana. A 2000 kuma, suna neman dabbobi, mutanensa suka faɗa kan maƙabartar Gobero, ta mutanen da suka zauna bakin tafki sa'ad da Sahara take kore shar. Buzaye makiyaya su ne 'yan jagora a yawancin wannan, gama sun san wuraren tun kafin a haifi masu binciken. Nijar ta yi dokar kare kayan tarihinta a 1997, abin da aka kai Shikago kuma an kai shi ne bisa alkawarin zai dawo.

A Maroko, inda kasuwa ta riga doka ƙarfi, talakawan yankin Erfoud suna haƙa ramuka cikin tsaunuka suna fito da haƙora da ƙasusuwa suna sayarwa, a can ne kuma wani abu ya faru da ya kamata kowane dillali ya ji. A 2008 wani mai tono ya nuna wa wani ɗalibi mai suna Nizar Ibrahim 'yan ƙasusuwa a kwali. Bayan shekara ɗalibin ya ga wasu irinsu sak a gidan tarihi na Milan, waɗanda suka zo ta hannun ɗan kasuwa, na dabbar da ake kira Spinosaurus ne, amma babu wanda zai iya rantsuwa cewa na dabba guda ne ko daga ina suka fito, saboda haka ba su zama hujja ba. Sai da ya koma yana cigiyar mutumin, bai san sunansa ba sai kamanninsa, har Allah Ya haɗa su a 2013, mutumin ya yarda ya kai shi ramin. Daga wannan rami aka sami sauran gaɓoɓin, aka haɗa riwayar ta cika, daga baya aka tono wutsiya mai faɗi wadda a 2020 ta zama dalilin masu cewa dabbar cikin ruwa take farauta. Ilmin duk yana cikin kan mai tono, kasuwa kuwa ƙasusuwan kaɗai ta saya.

A Amurka doka ta ce abin da aka tono a ƙasar mutum nasa ne, ya sayar wa wanda ya ga dama. Tun da aka yi gwanjon ƙasusuwan dainoson da ake kira Sue a 1997 a kan dala miliyan 8.36, wanda gidan tarihin Field na Shikago bai iya saya ba sai da gudummawar McDonald's da Disney, farashi yake ta hawa. Wani da ake kira Stan ya tashi a dala miliyan 31.8 a 2020, aka fi shekara ba a san wanda ya saya ba kafin a ji yana Abu Dabi. Na Griffin ma an ba da aronsa ga babban gidan tarihin halitta na Niyok, amma wa'adin shekara huɗu ne, masana kuwa suna cewa ba za su gina bincike a kan abin da wanda zai zo bayansu ba shi da tabbacin zai samu ya yi muƙabala ba. Har kotu aka je a jihar Montana a kan shin ƙashin da ya zama dutse ma'adini ne ko ba ma'adini ba, babbar kotun jihar ta yanke a 2020 cewa ba ma'adini ba ne, na mai saman ƙasa ne.

Malamanmu na fiƙihu ba su san dainoso ba, amma sun san abin da ake fitarwa daga ƙasa, sun kuma rarrabe shi da basirar da ta cancanci a tsaya a kanta. Tsintuwa ana cigiyarta shekara guda. Rikazi, wato binnen mutanen jahiliyya, ana fitar da humusinsa ga baitulmali, saura na wanda ya samu ne ko na mai ƙasar. Ma'adini kuwa, a mashhurin mazhabar Malikiyya, hukuncinsa yana hannun shugaba ko da a gonar wani ayyanannen mutum ya bayyana, domin a sarrafa shi bisa maslahar jama'a. Kuma an karhanta tonon kaburburan mutanen da don neman dukiya. Ni ba mufti ba ne, amma in an ce in yi ƙiyasi zan ce ƙashin Tenere ya fi kama da ma'adini, tunda ba hannun mutum ne ya binne shi ba, amfaninsa kuma na kowa ne, musamman ga al'ummar da Littafinta ya umarce ta da tafiya cikin ƙasa da lura da yadda aka fari halitta. Sai dai hukuncin rikazi ma yana da darasi ga masana, gama shari'a ba ta sallami wanda ya samu hannu rabbana ba, kashi huɗu cikin biyar ta bar masa. Duk tsarin da zai ce wa makiyayi ko manomi ya nuna wuri don Allah, alhali mai jaka yana tsaye a bayan gari, tsari ne da bai san mutane ba. Kada kuma a ɗauka gidan tarihi aljanna ce: ƙasusuwan Spinosaurus na farko, waɗanda aka kai Jamus daga Masar, bam ne ya hallaka su a gidan tarihi na Munich a 1944, babban gidan tarihin Ingila kuma da bakinsa ya faɗa a 2023 cewa wajen abu 2,000 sun ɓata ko an sace ko sun lalace a ɗakunan ajiyarsa.

Akwai wata hanya da malaman wannan ƙasa suka sani tun kafin a haifi gardamar. Malami ba ya son rabuwa da littafinsa, amma ɓoye ilmi abin tsoro ne a wurinsa, saboda haka yakan ba da aro a kwafa a maido, mai kwafa kuma ya rubuta sunansa da na mai littafi a ganyen ƙarshe. Takardun Larabci na Musulmin Kumasi, wajen ganye 900, waɗanda ake kyautata zaton a yaƙin Katamanso na 1826 suka faɗa hannun mutanen Danmak, ta hanyar ganima suka tafi, suka kwanta a laburaren sarki a Kofanhagan fiye da shekara 130 kafin masana tarihin Afirka su san darajarsu. Amma a shekarun 1960, da Nkrumah ya kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, Thomas Hodgkin da Ivor Wilks suka bi tsohuwar al'adar malamai. Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo shi ne ya riƙa bin zanguna da garuruwan arewa, yana sallama a zaure, yana karɓar aron littafi, a ɗauki hotonsa a Legon, a rubuta sunan mai shi da garinsa, a mayar masa da abinsa. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, har da tarihin Gwanja na ƙarni na 18 da wallafe-wallafen Alhaji Umaru Salga, Bakano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ba tare da wani malami ya rasa littafinsa ba.

Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne Boyo ɗan gida ne, malami ne kamar su, an san shi an san malamansa, saboda haka aka buɗe masa gafaka. Mai tono a Koma ko a Tenere shi ma ba jami'in da ya zo daga babban birni zai gaya wa ramin da ya tona ba. Wanda zai gaya wa shi ne ɗan kasuwar da ya saba saye a hannunsa, wanda ya san ƙauyen, ya kwana a gidan, ya ba da bashi lokacin damina. Da a ce a 1985 an sami irin Boyo cikin dillalai a hanyar Yikpabongo, mai bin masu tono da littafin rubutu, wanda ake biyansa la'ada a kan sunan wuri kamar yadda ake biyansa a kan kaya, da ɗaruruwan gumakan da suke Faris da Burasal a yau an san tudun da kowannensu ya fito.